Kaskon Turaren da Na Shigar Motar Alhaji

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta labaran 'yan'uwa a wannan shafi, kullum in ce gobe zan rubuto nawa, goben ta zo in kasa. Yau dai na daure.

Lokacin da abin ya faru wata biyu ke nan da aurena. A unguwar Birni aka haife ni, nan Damagaram, kuma gidanmu asalin Barebari ne. Tun ina kolej ba ni da abokin hira kamar littattafan soyayya da ake kawowa daga Kano. A cikin littafin lissafi nake ɓoye su, in karanta in sake karantawa har bangonsu ya cire. Daga nan na ɗauko yadda nake zaton aure yake: ango ya ɗauki amarya a mota mai sanyi su yi nisa da mutane, ya shigo ɗaki ƙamshi ya tare shi a bakin ƙofa, ya lumshe ido ya rasa abin faɗa. Zancen ƙamshi kuwa gado na yi. Goggona ita ke haɗa turaren wuta na amaren unguwarmu, da hawi da kajiji da farce, kuma abin da ta fara koya mini shi ne, in kin zuba turare a garwashi ki rufe ƙofa da taga, ki toshe duk inda iska ke fita, sai ya kama labule da zannuwa. Ta kan ce macen da ta bar taga a buɗe maƙwabta take yi wa turare.

Maigidana direba ne a wurin wani Alhaji ɗan kasuwa. A shekarar Alhajin ya sayo wata irin mota da ba mu saba gani ba, gida ce sukutum a kan taya. Akwai falo da kujerun fata, da ɗan kicin da firigo na sanyaya abinci, da makewayi, can baya kuma ɗakin kwana mai ƙofarsa da gado da madubi. Wata rana Alhaji ya ce a kai ta garkarsa, wato lambunsa, da ke Mirriya, a gyara ta don wasu baƙi da za su iso washegari, har ya yi wa maigidana tsiya cewa ya tafi da amaryarsa ta sha iska, tunda bai kai ta ko tashar mota ba. Da ya zo mini da labarin kasa zama na yi. Na fito da kaya na mayar ya fi sau biyar. Na ɗaure kaskona biyu a tsumma, da gawayi da kwalbar turare, na cusa ƙasan jaka ban gaya masa ba, don so nake abin ya zo masa ba zato.

Da safe kafin mu tashi ya zaga da ni cikin motar. Ya nuna mini inda ake rufe gaz, ya ce kada in yi yawo a ciki tana tafiya, in zauna in ɗaura bel. Ya nuna mini wata 'yar taga a rufin ɗakin kwana, ya ce wannan ba a rufe ta gaba ɗaya. Sannan ya nuna wani ɗan farin abu kamar faifai manne a bango, ya ce in iskar ciki ta lalace shi ne zai yi ƙara, in na ji shi in buɗe ƙofa in fita kawai. Ina ta cewa to, to. Wallahi idona na kan madubi, ina auna yadda zan zauna a bakin gado in ya shigo. Har ya ce, amarya, anya kina jina kuwa? Na ce ai duk na haddace. Ya yi dariya ya ce Allah ya sa ba irin haddar lissafin kolej ba ce.

Bazara ce, rana kamar ta sauko ƙasa. Muka isa garkar da hantsi, ya ajiye motar a inuwar mangwaro, ya wuni yana wanke ta ciki da waje. Da azahar ta yi ya kunna mini kilim mai sanyaya motar, ya tafi masallaci, ya ce daga can zai biya kasuwa ya sayo mana nama. Yana ba da baya na ruga wurin matar mai gadin garkar, wata dattijuwa mai barkwanci, na roƙi garwashi. Tana zuba mini tana tsokanata, wai ku Barebari ko jirgin sama aka sa ku sai kun shiga da kasko. Na ce mata ai shi ya sa mazanmu ba sa daɗewa a majalisa. Muka yi dariya. Ba ta tambaye ni inda zan sa ba, ni ma ban faɗa ba.

Na shiga na kulle ƙofa, na saki labulaye, na zuba turare. Ba a jima ba abin nan na bango ya fasa ƙara, irin mai huda kunne. Gabana ya faɗi, amma ba don tsoron iska ba. Abin da ya zo mini shi ne mutanen garka za su taru su ce an kawo baƙauya ta lalata motar Alhaji. Na kaɗa masa mayafi, bai yi shiru ba. Sai na murɗo shi na zare pil ɗinsa, wato batirinsa, na mayar da shi yadda yake. Na ga hayaƙin yana bin 'yar tagar rufi yana tafiya, sai maganar goggo ta faɗo mini. Na taka gado na ja ta na rufe gam. Na ƙara sabon gawayi a kasko na biyu don ya daɗe yana ci, na tura shi lungun bayan gado inda ba za a gani ba.

Da ya dawo abin da na yi shekaru ina mafarki ya faru. Ya tsaya a bakin ƙofa ya lumshe ido, ya ce wannan ai sai Alhaji ya ƙi karɓar motarsa ya bar mana. Amma nan take ya tambaye ni ina wutar. Na nuna masa kasko na farko da na riga na kashe na ajiye a waje. Ya ce tagar sama fa, tana buɗe? Na ce tana buɗe. Wannan ƙaryar ita ce har yau take hana ni sukuni. Ya ci abinci, gajiya ta kama shi, ya ce bari ya ɗan miƙe kafin la'asar. Ni da hannuna na ja masa ƙofar ɗakin, wai kada motsina ya dame shi, na sake kulle ƙofar fita, na koma gaba kusa da kujerar direba na buɗe littafina.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Kaina ya fara sarawa, zuciyata tana tashi, layukan littafin suna hawa kan juna. Kun san abin da na yi? Murmushi na yi. A duk littattafan da na karanta, in amarya ta ji jiri da tashin zuciya magana ɗaya ce. Na dafa cikina ina tsara yadda zan gaya masa, ko a kunne ko a takarda. Ina cikin wannan shirme na ji kiran la'asar daga cikin gari. Mutumin da ko zazzaɓi yake ladan na buɗe baki yake tashi, shiru. Na kira shi, shiru. Na miƙe sai ƙafafuna suka ƙi, na zube. Da rarrafe na kai ƙofar ɗakin na ture ta. Yana kwance yadda na bar shi, ya yi amai a matashi, numfashinsa na fita da wani irin gurnani. Na jijjiga shi, na kira sunansa da ban taɓa kira a gabansa ba, ko gezau.

Na koma ƙofar fita, hannuna ya kasa gane makullin da ni na murɗa. Ina ja, ina turawa, ina salati. Labulaye a sake, ba mai ganinmu. Allah ne ya tuna mini da oda, wato hon ɗin motar. Na ja jiki na faɗa kan sitiyari na danne ta da ƙirjina, ban ɗaga ba har sai da na ji mai gadi yana dukan ƙofa yana cewa lafiya, lafiya. Da ya ga ba amsa ya sa gatari ya fasa gilashi. Shi da wasu masu ban ruwa suka fito da mu, suka shimfiɗe shi a ƙasa. Dattijuwar nan ta leƙa ciki ta fito da kaskon, garwashinsa jajir, ta dube ni ta ce, 'yar nan, da na san nan za ki rufe shi da ban ba ki ba ko da kuka kike.

A motar masu kayan lambu aka kai mu likitar Mirriya, ƙaramin asibitin garin, daga nan aka wuce da shi babban asibiti a Damagaram. Ni na warware kafin magariba. Shi sai washegari ya buɗe ido, da abin numfashi a fuskarsa. Likitan da ya duba shi ya zaunar da ni ya ce ba turaren ne ya yi wannan ba, gawayin ne. In yana ci a wurin da iska ba ta shiga yakan fitar da wata guba marar wari marar launi, mai barci ba ya jin shigarta, sai dai ya zarce. Ya ce ɗakunanmu na gida ko an rufe suna shan iska ta ƙasan ƙofa da bakin kwano, amma irin wannan mota an liƙe ta da roba ko'ina. Ya ce da na ƙara shafi biyu a karatuna da wani zance ake yi.

Ranar da aka sallame shi na durƙusa na gaya masa komai, har da pil ɗin, har da tagar. Ya saurare ni har na gama. Daga baya ya ce ya yafe, kuma shi ma da ya ɗaga kai ya duba da ya gani. Bai sake tayar da maganar ba. Amma jikinsa bai yafe da wuri ba. Ya yi watanni da ciwon kai da mantuwa, ya ajiye abu ya rasa inda ya sa, ya fara magana ya tsaya a tsakiya. Dole ya bar tuƙi, Alhaji ya mayar da shi tsaron sito har ya samu sauƙi. Yanzu ya koma bakin aikinsa, alhamdu lillahi, sai dai har gobe in ya yi shiru yana laluben wata kalma, ni ce nake tashi in bar ɗakin.

Ban rubuto wannan don a daina turare ba, kuma ban ga laifin goggona ba, abin da ta koya mini na ɗakin ƙasa ne. Laifina shi ne an yi mini bayani ina kallon madubi, abin da aka sa don ya cece mu ya yi kuka na rufe masa baki saboda kunyar mutane, aka tambaye ni kuma na yi ƙarya. 'Yan'uwa mata, musamman amare, kada garwashi ya shiga mota, kowace iri ce, ko na turare ko na shayi. Kada ku toshe kafar da aka bari don iska. In na'ura ta yi ƙara ku fita tukuna, a yi muku dariyar daga baya. Ku koyi buɗe ƙofa kafin ku kulle ta. Kuma in ciwon kai da jiri suka kama ki a wuri rufaffe, kada ki tsaya fassara, ki buɗe ƙofa ki je ki tashi wanda yake barci.