Iya Toaiva Mai Gyaran Dunduniya

Gari na soma wayewa Iya Toaiva take farkawa, amma ba ta sauke ƙafa ƙasa nan take. Sai ta jawo tawul daga ƙarƙashin matashi, ta maƙala shi a tafin ƙafarta, ta ja yatsun a hankali har jijiyar ta saki. Sannan ta zura silifas mai kauri ta fito baranda. Ta gaida mijinta Seuli da ke kwance a kabarinsa a ƙofar gida, kamar yadda al'adar garin take, ta share masa ganyen da ya zuba, ta ciro gorunan ruwa masu ƙanƙara daga firij ta jera ƙarƙashin benci, ta ajiye kwalbar man kwakwa a gefe. Daga nan sai ta zauna ta zuba wa titin ƙauyensu, Laulii, ido, tana jiran masu ɗingishi.

Duk matar da ta yi aiki a kamfanin kifin gwangwani ta san wannan ɗingishi. Wuni guda kina tsaye a kan siminti mai ruwa, cikin takalmin roba, kina feɗe kifi. Wata safiya ki sauko daga gado, ki ji kamar kin taka ƙusa da dunduniya. Ita ma Toaiva a can ta ƙarar da ƙuruciyarta, har sai da ciwon ya kai ta ga rarrafe zuwa banɗaki. Wata nas ce a asibiti ta koya mata yadda ake miƙa jijiyar tafin ƙafa da ɗaure ta da filasta. Ta haɗa da tausar da ta koya a hannun kakarta, ta lallaɓa kanta har ta miƙe. Da ta bar aiki, sai matan suka riƙa biyowa ta gidanta kafin motar safe mai kai su aiki ta iso. Ba ta taɓa kafa allo ba, ba ta kuma taɓa yanka wa kowa kuɗi ba.

Cikin waɗanda za su ba da shaida akwai Meafou, wadda ta ƙetaro teku daga tsibirin Upolu, ta baro yara uku a hannun mahaifiyarta. Ba ta da kowa a nan. Ranar da ta fara zuwa, tana dafa shinge ta shigo, idonta ya yi ja.

"Iya, shugabar layinmu a kamfani ta ce in na ƙara neman wurin zama a bakin aiki, in tafi gida in zauna da hujja. In suka sallame ni, jirgi zan bi in koma. Me zan ce wa yaran?"

"Ba abin da za ki ce musu. Miƙo ƙafar."

Toaiva ta danna babban yatsanta a gindin dunduniyar. Meafou ta ƙwalla ƙara har karnukan maƙwabta suka amsa.

"Yauwa, ga ɓarawon nan," in ji Toaiva. "A gida ƙafa ba takalmi kike yawo, ko?"

"Haba Iya, wa ke shiga ɗaki da takalmi?"

"Ke, daga yau. In Fasto ya yi magana ki turo shi wurina, shi ma na ga yadda yake taka matakalar coci."

Ta murza mata sharaɓa da man kwakwa, ta sa ta mirgina gorar ƙanƙara da tafin ƙafa, ta ɗaure ta da filasta, sannan ta yanko ɗan soso daga tsohon silifas ta cusa mata a cikin takalmin aiki. Ta kuma gaya mata gaskiya: wannan ciwo ba ya tafiya a mako guda, wani lokaci sai ya ci watanni. Haka kuwa aka yi. Akwai safiyar da Meafou ta jefar da gorar ta ce ta gaji, gara ta tattara kayanta. Toaiva ta tashi ta ɗauko gorar, ta mayar ƙarƙashin ƙafarta, ta miƙa mata dafaffen gwaza. Meafou ta ci tana kuka, tana mirginawa. Ba a sallame ta ba. Yau babbar 'yarta tana makarantar koyon aikin jinya.

Ke ce, Iya, wadda ba ta ƙyamar ƙafar da ta wuni cikin ruwan kifi. Ke ce kuma wadda ta san iyakarta. Da kika ga gyambo a ƙafar wata mai ciwon suga, ba ki shafa mata mai ba, kika ɗaura zane kika raka ta asibiti da kanki.

Sai dai akwai abin da masu wucewa ba sa gani. Da motar safe ta kwashe matan, da kiɗanta da hayaniyarta, shi ke nan gidan ya yi tsit. 'Ya'yanta duk sun watse, biyu a Hawaii, autar, Fuatino, a Alaska. Takan dafa gwaza ɗaya, ta ci rabi. Takan zauna a gefen kabarin tana ba Seuli labarin ƙafafun da ta gani. Kuma irin aikinta, duk wanda ya warke ba ya dawowa. Ita ma Meafou da farko takan ɗaga hannu ta tagar mota, daga baya ta koma zama a ɗaya ɓangaren. Toaiva ba ta riƙe ta a zuci ba. Cewa take yi, "In ban gan su ba, ai lafiya ce."

Bana yatsun hannunta suka ƙage. Fuatino ta matsa sai ta koma wurinta, Toaiva kuma ta amsa, za ta tafi ƙarshen wata. Abin da ya fi damunta shi ne wanda zai riƙa share wa Seuli ganye.

Makon jiya sai ga Meafou, ta riƙo wata sabuwar ma'aikaciya mai ɗingishi. Toaiva ta ɗauki kwalbar mai, ta murɗa murfin, ta sake murɗawa, ya ƙi. Ta miƙa wa Meafou.

"'Yar nan, ke za ki yi. Ni baki kawai ya rage mini."

Meafou ta durƙusa ta yi tausar, tsohuwar tana cewa ƙasa kaɗan, danna nan, kada ki ji tausayinta. Da aka gama, mota ta tsaya tana hon, sabuwar ta shiga. Meafou kuwa tana nan durƙushe, idonta a kan ƙafafun Toaiva da suka kumbura.

"Iya, ke wa yake taɓa miki naki?"

Toaiva ta ce, "Tun da Seuli ya kwanta, babu."

Direba ya sake danna hon. Meafou ta yi masa hannu ya tafi. Ta cire wa tsohuwar silifas, ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta zuba mai.

"Za su yi miki faɗa a wurin aiki."

"Su yi. Ki saki ƙafar, Iya, kin cika taurin kai."

Mun gode, Iya Toaiva. Allah ya saka miki, ya sa sanyin Alaska ya zo miki da sauƙi. Ku kuma mata da kuka taɓa zama a bencin nan, ku koya wa na kusa da ku abin da ta koya muku, ko da na tawul da gora ne kawai. Kafin wata ya ƙare kuma, ku sauka a Laulii ko da babu inda ke yi muku ciwo. Ku zauna, ku sha shayi da ita, ku bar mota ta wuce.