Ƙashin Ƙafar Dokin Malam

Mu ba gidan sarauta ba ne, ba kuma gidan dukiya ba. Maigidana, Allah ya jiƙan Malam, hatsi yake sayarwa, kuma a Gawuna muka zauna har furfura ta cika mana kai. Abu ɗaya ya mallaka da mutane ke tsayawa su kalla, wato dokinsa akawal, baƙi wuluk, wanda yake hawa zuwa gona.

Da ɗana na fari, wanda bakina ba ya kiran sunansa, ya gina gida a Nassarawa, sai ya ce mu dawo kusa da shi. Malam ya ce shi da dokinsa tafiyarsu ɗaya. Aka kafa turke a bayan gida, gindin mangwaro, nesa da rumfar motoci.

Dokin nan yana da wani ƙullutu a ƙafar gaba ta hagu, ta ciki, ƙasa da gwiwa kaɗan. Tun yana duƙushi ya buge wurin. Girmansa kamar ƙwallon dabino, har da tsagin nan a tsakiya. Ni nake shafa masa man kaɗanya da safe, shekara da shekaru, har yatsana ya san wurin kamar yadda harshe ya san giɓi.

Da ciwon ajali ya kwantar da Malam, ya ce mini, "Ki riƙe mini shi. Kada ya mutu a hannun baƙi." Na ce na riƙe.

Na shiga takaba. Ina ɗaki, ba na leƙa ko tsakar gida, sai kunnena kawai ke fita. Wata safiya ban ji haniniya ba. Washegari ma shiru. Da ɗana ya shigo gaisuwa na tambaye shi, ya ce, "Inna, na kai shi gonata ta ƙauye. Can ya fi sarari, ga ciyawa, nan maƙwabta suna ƙorafin wari." Raina bai so ba, amma na ce Allah ya yi albarka.

Tun daga nan, duk sa'ad da direba zai je gona, sai in ƙulla kanwa a tsumma in ba shi ya kai wa dokin. Ya karɓa da hannu biyu. In ya dawo in ce, "Yaya ka baro shi?" Ya ce, "Hajiya, ai ya yi ƙiba, sai sheƙi yake." In na ce a kai ni in gan shi, sai a ce hanya ba kyau, ko a ce jinina ya hau, in bari tukuna. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce.

To, ina da jika mace, 'yar ɗan nawa, tana karatun likitan dabbobi a jami'a. Wani hutu ta dawo da kwali, jarrabawa na gabanta. Da hantsi na fito falo na tarar ta baje ƙasusuwa a kan tabarma, farare tas, an haɗa su da siririn ƙarfe.

Na ce, "Ke ja'ira, mahauta kika koma?"

Ta yi dariya ta ce, "Tsohuwa, zo ki yi karatu kyauta, ko kya samu takardar shaida kafin haƙoran su ƙare."

Na zauna. Ta kama hannuna ta ce ƙafar doki ce ta gaba. Ta taɓa wuyan hannuna ta ce wurin da muke kira gwiwar doki, a jikinmu nan ne. Dogon ƙashin da ke ƙasa da shi kuwa, shi ne wanda ke cikin tafin hannu, bayan yatsan tsakiya. Daga nan gajeru uku, gaɓoɓin yatsa ke nan, na ƙarshen yana cikin kofato, kofaton kuma farce ne. Ta ce, "Kin ga duk girman doki, a kan yatsa ɗaya yake tsaye a kowace ƙafa."

Na ce, "Ikon Allah!" Wallahi abin ya yi mini daɗi. Idona ya yi yana, ban cika gani ba, sai na ce ta miƙo in ji da hannuna. Sai da na maimaita, sannan ta miƙo.

Na bi dogon ƙashin nan da yatsa. A gefensa akwai wani siriri kamar tsinke, ya manne masa. Ina bi, ina bi, sai yatsana ya tsaya. Ƙwallon dabino, da tsaginsa a tsakiya.

Na ce, "Wannan ta hagu ce?"

Na ji ta fara tattara sauran ƙasusuwan.

Na ce, "'Yar nan, ta hagu ce?"

Sai na ji tana kuka.

Da uban ya dawo na sa aka kira shi. Ƙashin yana kan cinyata. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire hula, ya faɗa mini. Wai ina cikin takaba dokin ya tsinke, ya zame a kan simintin tsakar gida, ƙafar dama ta karye ƙasa da gwiwa, har ƙashi ya huda fata. Likita ya ce wurin ba tsoka, ƙashi ne da jijiya da fata kawai, doki kuma ba ya iya doguwar jinya a kwance, ba ya iya tsayuwa da ƙafa uku, ɗori ba zai kama ba. Aka yi masa allura ya huta. Gawar kuma ɗan nawa ya ba makarantar yarinyar, don ɗalibai su amfana.

Ya ce, "Inna, tausayinki na ji. Ga rashin Malam, ga hawan jini."

Na ce, "Karaya daga Allah take, ban tuhume ka a kanta ba. Amma taku nawa ne daga ɗakina zuwa gindin mangwaro? Da ka faɗa mini, ko ta taga ce sai in miƙa hannu in taɓa goshinsa. Amana aka ba ni. Ka sa ya mutu a hannun baƙi ina cikin gidan, sannan ka sa direba da maigadi da 'yarka suna kallona ina tambayar lafiyar matacce."

Ya ce in yafe masa. Na ce na yafe, don uwa ba ta kwana da fushin ɗa. Yarinyar ma na mayar mata da ƙashin ta yi jarrabawarta, ai ba ita ta tsara maganar ba.

Sai dai akwai abin da bai koma ba. Ina da ƙanwa a Tudun Wada, ta daɗe tana jinya. Shekaranjiya ɗan nawa ya shigo ya ce, "Inna, na biya wajen Inna ƙarama, jiki ya yi sauƙi, tana gaishe ki." Na dubi inda muryarsa take, na ce, "Madalla. Kira mini ita a waya, in ji da kunnena."