Wasiƙar da Na Shuka

Ban taɓa mantawa da ranar da wani tsoho ya riƙe mini hannun riga a Sabuwa ba. Lokacin kuɗin mai na zuba, Katsina ba ta zama jiha ba tukuna, ni kuma ina ƙaramin marubuci a gidan talabijin a Kaduna. Maigidana shi ne Malam Habu, mutumin Mabai, babban marubucin sashen wasan kwaikwayo.

Wasanmu sunansa Hular Iliya, ana nuna shi duk Alhamis. Saurayi ne ya bar ƙauye neman aiki ya ɓace, sai hularsa aka tsinta a bakin kogi. Ku yaran yanzu kuna fara labari ba ku san inda za ku sauka ba. Malam Habu kuwa, kafin a ɗauki kashin farko sai ya rubuta ƙarshe ya kulle a aljihun tebur. Da yake ɗan manoma ne, duk alamar da aka ɓoye wa mai kallo yana kiranta shuka, ranar da za a tone ta kuma girbi. Aikina riƙe littafin shuka, don kada a manta da ko ɗaya. Ni da shi kaɗai muka san Iliya ya mutu tun ranar farko, abokin tafiyarsa ya tura shi ruwa.

Kashi ashirin da shida aka tsara. Da wasan ya karɓu, sai manajan shirye-shirye ya ce a ninka. Malam Habu ya ce iri ya ƙare. Ni kuwa, da rawar kai irin ta sabon shiga, na kawo shawara: a aiko da wasiƙa da sunan Iliya cewa yana raye, daga baya a gano makashin ne ya rubuta.

"Wannan ba shuka ba ce, Isiyaku, ciyawa ce," in ji Malam Habu. Amma manaja ya yaba, kaina ya ƙara girma.

Bayan wata biyu aka tura ni jin ra'ayin jama'a a gidajen kallo da hukuma ta buɗe a Kankara da Faskari da Sabuwa, inda ake tada janareto a kunna wa mutane akwati ɗaya. A Sabuwa ne, bayan la'asar, tsohon ya tare ni. Sunansa Baba Audu, daga Damari yake zuwa a keke duk Alhamis.

"Malam, ku ke yin abin ga?"

Na ce mu ne, Baba.

"Ɗana Sani ya tahi Ikko aikin tashar jirgin ruwa, yau shekara huɗu, ba shi ba labarinai. Na yi niyyar in haƙura in yi mashi sadaka, sai ga wasiƙar yaron ga. Na ce ashe ana daɗewa a aiko. Don Allah hwaɗa mani, Iliya shina dawowa?"

Na san abin da ke cikin aljihun tebur. Amma na ce, "Baba, a ci gaba da kallo." Ya sake ni, ya sa mini albarka.

Da na koma na ba Malam Habu labarin tsohon, na roƙe shi mu dawo da Iliya da rai. Sai ya jawo littafina ya nuna mini hula, da laka a takalmin abokin, da shuka bakwai da na rubuta da hannuna.

"Ba a shuka dawa a girbi gero. Ka yi mashi ƙarya guda, yanzu kana so in ƙara ta biyu?"

Na ji haushinsa ƙwarai a lokacin. Abin da ya yarda da shi kawai shi ne a gaggauta girbi, muka yanke kashi huɗu. Duk da haka sai da tsohon ya ƙara wata uku yana tuƙa keke.

Mako ɗaya da nuna ƙarshen, na nemi izini na tafi Damari don in ba shi haƙuri. Na tarar da tabarmi a ƙofar gidansa, mutane na shiga suna fita. Na zaci shi ne ya rasu. Sai na hango shi zaune a tsakiya, yana amsa gaisuwar ta'aziyyar Sani.

Na durƙusa na ce Allah ya ji ƙansa. Ya gane ni.

"Ka zo, Malam. Duk garin ga ba wanda ya iya hwaɗa mani Sani ba shi dawowa, sai akwatinku. Uwatai dai ba ta ga ƙarshen ba. Ta rasu da damina, kullum tana cewa a duba gidan waya."

Ban iya gaya masa ni na rubuta wasiƙar ba, kuma har yau abin yana damuna. Na shekara talatin a wannan aiki, na rubuta makasa da maƙaryata ba adadi. Amma duk sanda yaro ya kawo mini dabarar jan labari, nakan tambaye shi abu ɗaya kafin in sa hannu: wa zai hau keke saboda wannan?