Cinikin Soron Kawu Bawa

Ku da kuka riski Kawu Bawa magini kun san ba ya zama a gidan mutum sai ya ɗanɗani bangon. Zai yi sallama, a amsa, a shimfiɗa masa tabarma, shi kuwa ya wuce ta kamar bai gani ba. Sai ya sa farce ya ƙwaƙuli ƙasar zauren, ya aza a harshe, ya lumshe ido yana taunawa a hankali. Mai gida na tsaye da hannu a miƙe yana jiran gaisuwa. Sai Kawu ya tofar, ya faɗi damina nawa ta rage wa ginin, sannan ya ce, "Ina kwana?"

Ni Idi na fi kowa shan kunyar wannan hali, don yayan mahaifiyata ne, kuma yana cikin waɗanda suka je nema mini aure. Surukina lokacin ya gama sabon zaure, yana ta ji da shi. Tun kafin a buɗe goro Kawu ya kai farce.

"Wa ya kwaɓa wagga ƙasa? Ba ta kwana ba. Damina ukku."

Wallahi saura kaɗan a hana ni matar! Zauren nan kuwa sai a damina ta huɗu ya zube. Kawu na jin labari ya ɗaura goro a gefen riga, ya tafi har gidan surukin nawa.

"Malam, na zo ba ka haƙuri," in ji shi. "Na ce ukku, ya yi huɗu. Na zalunci magininka da damina guda."

To, mutumin da ke yi wa bangon wasu haka, ku ƙiyasta yadda yake da nasa. Gidansa na Kurfi da hannunsa ya gina shi, tun zamanin wuri, kafin Nasara su zo, lokacin da kowa ke cusa kansa cikin ganuwa don tsoron mahara. Soraye uku, da zaure mai rufin ɗaurin guga, da rijiya a tsakar gida. Azarar giginyar da ke rufin shi ya zaɓe ta ɗaya bayan ɗaya. In an yi ruwa an ɗauke, za ka gan shi tsugune ƙarƙashin indararo da tsohuwar ƙwarya, yana kwashe ƙasar da ruwa ya wanko daga rufi, ya kai bayan ɗaki ya tara.

Matarsa Inna Dije ta ce, "Malam, ƙasa ce hwa. Ta cika duniya."

Ya ce, "Ta duniya daban, tawa daban. Wagga sai da na biya mai jaki ya kawo ta."

Da Nasara suka zauna, hari ya ƙare, sai mutane suka ga ba dalilin matsuwa cikin gari. Wasu suka fita suka tare a gonakinsu wajen Tamawa da Rawayau. Masu neman kuɗi suka bi hanyar mota zuwa Dutsin-Ma, inda ake auna gyaɗa. Unguwarmu ta fara yoyewa gida gida. Ni dillali ne, a idona aka yi komai. Gidan da a da sai an haɗa da roƙo, ya koma awaki ke kwana ciki. Kun kuma san ƙasa ta sarki ce, gini kawai ake sayarwa, ginin ma abin da ya rage da daraja a jikinsa azara ce da ƙyaure. Mai saye zai zo ya yaye rufin, ya ɗora itacen a jakuna ya nufi Dutsin-Ma, ya bar wa ruwa bangon. Tun farkon abin wani ya taya gidan Kawu fam takwas. Kawu ya ce albarka ko waiwayowa bai yi ba.

Sai ga shi wata bazara ya faɗo daga tsani yana yaɓe, ƙugu ya goce. Aka yi ɗori, ya tashi, amma da sanda, hawa kuwa ya ƙare. 'Ya'yansa biyu duk suna Dutsin-Ma, suka kafe sai ya koma wurinsu. Soro kuwa in ya yi damina biyu ba yaɓe, sai dai labari. Ɗaya ta riga ta wuce. Da kaka ta yi ya aika aka kira ni.

"Idi, ka saida mani gidan ga kahin ruwa shi sauka. Amma ka ji da kyau, gida za ka saida, ba itace ba. Wanda zai kwana ciki nike so."

Na ce, "Kawu, wa ke sayen gida Kurfi yanzu don shi kwana ciki?"

"Shi ya sa na kira dillali. Da abu mai sauƙi ne, ai da na yi da kaina."

Na yi wata biyu ina yawo, sannan Allah ya haɗa ni da Malam Garba mai sikeli, babban mai sayen gyaɗa daga Dutsin-Ma. Ya zo da babbar riga, yana ƙamshin turare. Tun daga zaure kansa ke sama, leɓensa na motsi, yana ƙirga azara. Haka ya ratsa soraye ukun, bai dubi ƙasa ba ko sau ɗaya. Da muka fito tsakar gida ya ce fam huɗu. A wannan shekarar! Ni har na fara lissafin abin da zan yi da la'ada.

Kawu ya gyara tsayuwa a kan sandarsa. "Malam, ya ka ga rijiyar?"

"Wace rijiya?"

Taku uku ne tsakaninsa da ita.

"To, wane ɗaki za ka ba uwargida?"

Malam Garba ya yi dariya. "Yo Baba, ni ina da gidana. Shago za ni ginawa bakin hanya, azarar nike so."

Kawu ya juyo gare ni. "Idi, raka baƙonka. Ka riƙe mashi hannu, tunda sama shike kallo, kar shi hwaɗa mani rijiya."

Na raka shi ina ba da haƙuri, na dawo raina a ɓace. Ban taɓa ɗaga wa Kawu murya ba sai ranar.

"Fam huɗu hwa, Kawu! Wallahi ba za ka sake jin wanga tayi ba!"

"Na sani."

"To don mi?"

"Don ba ni zama ƙohwar gida Dutsin-Ma in ga ruhin ɗakin da aka haihi ɗiyana ya wuce ni bisa jaki. Je ka nemo wani."

Daga ranar ya ƙirƙiro sabuwar doka. Duk wanda ya zo ganin gida, sai ya hau tsani ya leƙa rufi, don a ga ko zai iya yaɓe. Wanda ya fara faɗawa tarkon Ɗanladi mahauci ne, wanda kun san ƙofar zaure ma a karkace yake shiga. Ya taya fam biyu, kuma da gaske zama zai yi. Ya tattara riga ya hau, tsanin na kuka. Da ya kai sama ya leƙo ƙasa, shi ke nan, ya kwanta rub da ciki a kan soron yana salati, ya ce shi ba mai sauko da shi sai Allah. Sai da muka tara ƙarti huɗu da igiyar rijiya. Yana dira ya ɗauki takalmansa a hannu ya fice, ko sallama babu.

Kawu ya bi rufin da kallo ya girgiza kai. "Gidan bai saya ba, kuma ya bar mani tsaga biyu. Idi, gobe ka amso mani tsire a madadinsu."

Kasuwa duk ta ɗauka. In na wuce sai a ce, "Dillali, yau wa za a rataye?" Masu taya suka ɗauke ƙafa. Rani ya ƙare, zafi ya sauka, gajimare ya fara taruwa ta gabas da la'asar. Inna Dije, wadda ba ta cika magana ba, ta ce masa a gabana, "Malam, ka aika ma mai gyaɗa mu tahi. In ka ƙi saida mashi, ruwa zai rushe shi kyauta."

Washegari da hantsi na shigo na same shi yana bin bango da ƙwaryar kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sanda a hammata, yana liƙe tsaga. Yaɓen ya zagaye gidan kaf, amma duk ya tsaya iya inda hannunsa ke kaiwa. Daga nan zuwa sama tsagar na nan buɗe. Ya ɗaga kai yana kallonta. Ranar fushina ya tafi, tausayinsa ya kama ni, kuma na ji tsoro, don na ga gidan zai faɗi yana kallo.

Kwana uku bayan haka wani siririn mutum ya tare ni a kasuwa, rigarsa da ƙunar wuta a kafaɗa. Ya ce sunansa Audu, masaƙi ne daga Ɗantutture. Gobara ta lashe masa bukkoki a ranin nan, da ƙyar ya fitar da 'ya'yansa, ya rantse ba zai sake kwantar da iyalinsa ƙarƙashin ciyawa ba. Na tambaye shi abin da ke hannunsa, ya faɗa, na kusa yin dariya. Na kai shi ne kawai don kar Kawu ya ce na daina ƙoƙari.

Audu na shiga tsakar gida ya tsuguna a gindin bango, ya shafa inda danshi ya ci.

"Baba, nan na son tokari tun yanzu. Ina ake samun makuba kusa?"

Makuba, ku yaran yanzu, ita ce bawon ɗorawa da ake jiƙawa a haɗa da ƙasar yaɓe don ruwa ya zame. Wata shida ana shigowa gidan nan, ba wanda ya taɓa ambatonta. Kawu ya dube ni, na kau da kai. Kafin a yi maganar tsani Audu ya gan shi jingine, ya haye abinsa. Can muka jiyo muryarsa daga sama.

"Baba, indararon gabas ya toshe! Bari in hidda maka."

Da ya sauko aka zauna ciniki a zaure. Audu ya kwance ƙullinsa, fam ɗaya da sule biyar. Ya sunkuyar da kai ya ce ya san bai kai ba, zai haɗa da jakinsa da masaƙarsa.

Kawu ya ce, "Albarka."

Audu ya fara tattara kuɗinsa.

"Tsaya mana! Jakin nike ce ma albarka. In ka ba ni shi, da mi za ka ɗauko ƙasa? Masaƙar kau riƙe abinka, mai yunwa ba shi hawa tsani." Ya sa yatsa ya ture sule biyar ɗin gefe. "Wagga ta makuba ce. Maida."

Na kasa haƙuri. "Kawu, wai ni dillalinka ne ko nashi?"

"Kai shaida ne. Yi shiru." Ya ɗauki fam ɗayan. "Na sallama."

Shekara ashirin na yi ina dillanci, ban taɓa ganin mai kaya yana ja da mai saye don a rage ba sai ranar. Gidan da aka taya fam takwas ya tafi a fam ɗaya. Aka je gaban mai unguwa, Kawu ya kafa sharaɗi biyu a gaban shaidu: yaɓe kowace shekara kafin ruwa, kuma ba a zare azara ko ɗaya. La'adata kuwa goro biyu ya ba ni, ɗayan ma da tsutsa.

Ranar tashi an ɗaure kaya tun da safe, 'ya'yansa sun zo da jakuna, rana na ta yi, Kawu ya zauna a dakalin ƙofa ya ƙi motsi. Aka yi roƙon duniya. Sai da matar Audu ta hura wuta a murhun Inna Dije, hayaƙi ya taso ta saman katanga, sannan ya miƙa hannu a ɗaga shi. Ya ce, "To, mu tahi." Na ga ya goge ido da hannun riga, na yi kamar ina gyara igiyar kaya. Mako bai cika ba Audu ya gama yaɓe, ruwan farko ya sauka a kan sabuwar makuba.

Kada ku zaci ya huta. Kowace bazara sai ya hau jaki daga Dutsin-Ma, yini guda a hanya da wannan ƙugun, ya zo duba aiki. Zai tsaya a ƙofar zauren da ya gina ya yi sallama, ba ya shiga sai an ce ya shigo. Ya zagaya, ya kushe yaɓen tas, ya ci tuwo, ya kwana, ya koma. Audu bai taɓa jin ya ce madalla ba, bai kuma taɓa fashin shekara ba.

A bazara ta shida ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Na je gaishe shi, ya kama hannuna ya ce in je Kurfi in gano masa gidan. Na je, na dawo, na same shi ya rame, murya da ƙyar.

"An yi yaɓen?"

"An yi, Kawu. Har sun ƙara ɗaki bayan rijiya. Babban ɗan Audu zai yi aure."

Ya buɗe ido sosai. "Wa ya gina?"

"Audu da kanshi."

"Masaƙi! Karkatacce ne ko?"

Na ce, "Wallahi karkatacce ne, Kawu."

Na zaci zai ce a ɗora shi a jaki. Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, hawaye na bin kuncinsa. Da ya lafa ya ce, "A bar masu abinsu. Tunda ƙari suke yi, ba tashi za su yi ba."

Kwana biyu bayan nan ya cika. Allah ya jiƙan Kawu Bawa, ya yafe masa, ya yalwata masa makwancinsa. Yadda ya zaunar da iyalin wani a inuwa, Allah ya ba shi gidan da ba ya tsagewa. Amin.