Gyaren Motar Baba

Shekaranjiya wani ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gidana a nan Madawa, ya manta bai kashe sigina ba, babur yana ta tsit-tsit, tsit-tsit. Ina tsakar gida ina tankaɗe, sai na ga hannuna ya tsaya da kansa. Ku da kuke jin wannan ƙara kullum a titi, ba abin da za ta tuna muku. Ni kuwa da ita na tashi, kuma har yau ba na son ta.

Garinmu yana cikin duwatsu, can bayan Deule. In an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, maza sai su fara ɗaure jaka. Wasu su yi Najeriya, wasu ƙasashen kurmi na bakin teku, wasu su ratsa hamada. Bida muke ce wa wannan tafiya, kuma kowane yaro a garinmu ya san uba abin damina ne, ya zo da ruwan farko, ya tafi da sanyin farko. Gidanmu kaɗai ne ba haka ba. Kakana na wajen uba, wanda duk muke ce wa Tsoho, ya gaji da rakiyar ɗansa bakin gari kowace shekara. Sai ya sayar da shanun da ya gada, aka haɗa da abin da Baba ya samo a bida, aka sayo tsohuwar bashe, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya da ake rufewa da tamfol. Da ita Baba yake kai mutane da albasa da awaki kasuwannin Buza da Keita da Madawa, wani lokaci har Bangi. Da magariba yana gida. Motar nan ita ce ta riƙe mana uba, kuma ko mu yara mun san da haka.

Ni ce 'yar fari. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan yake nufi. Baba ba ya faɗin sunana, ba ya ɗaukata, ba ya wasa da ni, kunya ta hana. In yana son ruwa sai ya ce, "Ke." Ƙannena su hau cinyarsa su murɗa sitiyari, ni ina tsaye daga nesa ina kallo. Abin yana cina, ba zan ɓoye muku ba. Tsoho ne ya ɗauke ni. Yana ce mini matarsa, yana cewa ban iya damun fura ba zai sake ni, amma duk inda ya sa ƙafa ina bayansa.

Shi ya sa ina wurin ranar da aka sa wa motar gyare. Direbobin wajenmu duk suna shimfiɗa fatar ragon layya a kan tablo, wato allon gaban direba, don kada rana ta fasa robar. Fatar takan zamo ta rufe 'yar jar fitilar da ke nuna baƙin mai ya ƙare a inji. Ko ba ta rufe ba, wa zai duba fitila alhali idonsa yana kan duwatsu? Haka wani abokin Baba ya ƙone injinsa a hanyar Keita, fitila tana ta ci a ƙarƙashin fata bai sani ba, kuma kafin sanyi ya shigo shi ma ya ɗaure jaka. Wannan abu ya tsorata Baba ƙwarai. Da kasuwar Madawa ta zagayo, ya kai motar wurin wani mai gyaran wutar mota, ni da Tsoho muka zauna a kan wata tsohuwar taya muna cin rake.

Mutumin ya ciro wani ɗan baƙin abu daga mataccen babur, bai fi kwalbar turare girma ba, shi ne mai kukan sigina. Ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje. Waya ɗaya ya haɗa da wutar da ke zuwa in an murɗa makulli, ɗayar kuma ya haɗa da wayar da ta fito daga jikin inji zuwa jar fitilar. Ya fere su da haƙori, ya naɗe da baƙin salatif, ya ɗaure abin da tsumma don kada ya yi ta lilo. Da aka murɗa makulli sai ga ƙara siririya mai shiga kunne. Da inji ya tashi, mai ya hau, sai ta yi shiru.

Ya ce wa Baba, "In ka jiya shi shina kuka kana cikin tahiya, kashe mota nan take. Kak ka ce bari in kai gindin iccen can."

Tsoho ne ya raɗa masa suna gyare. Tun daga ranar, kukan gyare ne ke tashe mu da safe, ɗan gajere, sannan inji ya kama, sannan warin hayaƙi ya cika zaure. Baba kuwa ya riƙe maganar mai gyara kamar farilla. Ya taɓa tsayar da 'yan kai amarya a tsakiyar rana, a fili ba ko inuwa, saboda gyare ya yi ɗan kuka sau ɗaya a gangara. Mata suka yi ta mita, suna cewa direban da ƙwaro ke ba umarni ba su taɓa gani ba. Bai kula su ba, sai da ya zaro sandar awon mai ya duba, ya ƙara mai, sannan aka tafi.

A kakar shekarar da nake ba ku labari, damina ta yi kyau, ruwa ya yanka hanyoyi. Wata safiya na bi Tsoho gona muna tara karan dawa. Na sa ƙafa a ƙarƙashin wani tari, na ji kamar an soka mini ƙaya mai wuta a idon sawu. Kububuwa ce, amma ba wanda ya faɗi sunanta, igiyar ƙasa kawai ake cewa. Baba yana kasuwa. Tsoho ya goya ni zuwa gida, ya aika aka kira mai maganin gari. Mutumin ya ɗaure ƙafar, ya tsaga, ya shafa wani baƙin gari, ya ba ni wani abu mai ɗaci na sha. Ya ce kada a motsa ni. Tsoho ya yarda da shi, don da hannun nan ya ga an warkar da mutane. Inna tana bakin ɗaki tana daka, ba ta leƙo ba saboda mutane, amma na ji taɓaryar tana faɗuwa ba bisa ƙa'ida ba.

Sai bayan azahar Baba ya dawo. Zuwa lokacin ƙafar ta kumbura har gwiwa, tsagar ta ƙi daina jini, kuma ina jin ɗanɗanon ƙarfe a bakina. Ya tsaya a kaina ya duba, bai taɓa ni ba. Da ya ga jini a dasashina sai ya juya ya sauke sauran kayan mutane a ƙasa. Allurar maciji sai Madawa. Tsoho ya shiga gaba ya rungume ni a cinyarsa, Baba ya tayar da mota.

Hanyar da aka saba bi tana da zagaye, don haka ya yanke ta cikin wani kwazazzabo mai duwatsu. Ina tuna ƙarar da cikin motar ya yi da ya bugi dutse, na ji ta har a haƙorana. Ba mu yi nisa ba gyare ya fara. Baba ya kashe mota, ya shiga ƙarƙashi, ya tarar tukunyar mai ta tsage. Ya cusa sabulu da tsumma a tsagar, ya juye ɗan man da ya rage masa a galan, muka ci gaba. Gyare ya yi shiru har muka fito fili. Daga nan ya sake farawa, kuma wannan karon babu sauran mai. Ba gari kusa, ba mota a gaba ko a baya, sai dawa ta bushe da rana.

Na ji motar ta rage gudu. Ƙafar Baba ce ta ɗaga da kanta, saboda sabo. Bai dube ni ba, mahaifinsa ya duba.

Ya ce, "Tsoho, shanunka na ka kuka."

Tsoho ya ce, "Na jiya. Taka ta."

Ya taka. Ban san tsawon tafiyar ba, don ina farkawa ina komawa. Abin da na sani shi ne duk lokacin da na farka, gyaren yana nan yana kuka, ba ya ko numfasawa. Can Tsoho ya kasa jurewa, ya miƙa hannu zai fizge wayar. Baba ya ce, "Bar shi. Gaskiya shika hwaɗi." Sai wari ya fara shigowa, warin ƙarfe mai zafi, sannan wani bugu daga cikin inji kamar ana daka a turmi. Muna hango rufin kwanon Madawa motar ta shaƙe, ta yi tsalle, ta tsaya cak.

Baba ya zagayo ya buɗe ƙofa, ya karɓe ni daga hannun Tsoho, ya ɗora ni a bayansa. Ranar na fara sanin warin rigarsa, gumi da baƙin mai. Yana gudu yana kiran sunana, yana cewa kada in yi barci. Ban taɓa jin sunan a bakinsa ba sai ranar. Makulli ma bai cire ba, Tsoho ne ya zauna a motar da ƙarar har wani mai amalanke ya zo ya nuna masa yadda ake kashewa.

Na rayu, ga ni ina ba ku labari. Injin bai rayu ba. Makanikai suka buɗe shi, suka ce ya narke ya manne, sai dai wani. Wani kuwa ba shanun da za a sayar. Aka sayar da gangar jikin ga masu cire kaya. Ina koyon taka ƙafa da sanda lokacin da sanyi ya shigo, Baba ya ɗaure jaka tare da sauran mazan gari. A gida ba wanda ya taɓa ce mini komai. A bakin rijiya ne wata mata ta ce, cikin wasa, "Ga ɗiyar da ta shanye inji." Aka yi dariya, ni ma na yi, na koma gida na kasa cin tuwo.

Baba bai dawo da damina ba, haka wadda ta biyo. Yana kurmi yana tura baro, yana cewa sai ya haɗa abin sayen wata mota. Tsoho ya daina tsokanata. Ina jin yana ganin da bai tsaya wa mai magani ba, da ya aika an kira Baba da wuri, an bi doguwar hanya a tsanake. Ya rasu ɗansa ba ya nan, maƙwabta ne suka sa shi a kabari. Ƙanena na ƙarshe, da aka haifa bayan tafiyar, ya yi wayo bai san fuskar ubansa ba.

Ina da aure har da goyo lokacin da Baba ya dawo, ba mota, ya rame, yana tari. Na je gaishe shi na durƙusa daga nesa yadda na saba. Ya ce, "Ke, kawo ƙahwar in gani." Na miƙa. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya bi tabon da babban yatsa, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Ta warke sarai. To, ba mu yi hasara ba."

Yanzu kusan kowane gida a garinmu akwai babur, akwai waya. In igiyar ƙasa ta taɓa yaro, kafin a gama salati an kama hanyar likita da shi, ba wanda zai zauna ya auna ɗansa da abin hawansa. Na gode wa Allah da 'ya'yana ba su san wannan awo ba. Amma maza har gobe suna ɗaure jaka in an gama girbi, mijina ma yana cikinsu. Baba ya rasu yana kan maganarsa cewa ba mu yi hasara ba, bai taɓa canza ta ba. Ni ce dai na ga Inna tana tsufa ita kaɗai, na ga waɗanda suka sa Tsoho a kabari. Kullum in na wanke ƙafar nan a alwala ina so in yarda da Baba, kuma har yau ban iya ba.