Dakta Sarommabi da Farin Murjanin Yamma

Da an idar da sallar asuba, kafin masu kamun kifin tuna su gama shirin fita, Dakta Sarommabi, mai binciken murjani, ta riga ta iso bakin ruwa. Kayanta ba yawa: gilashin nutso, takalman iyo, tef ɗin awo mai mita hamsin, da farin allo na roba da fensir ɗaure a jikinsa. Nallakoya, tsohon da ke tuƙa mata kwale-kwale, yana hango ta zai fara mita.

"Dakta, yau ma ƙirgar duwatsun za mu? Jiya fa na gan su, ba inda suka je."

"Tayar da injin, Baba. Su ba su da surutu, shi ya sa muke shiri."

Sukan nufi yamma, inda dutsen murjani ya kewaye tsibirinmu yana karya igiyar teku kafin ta iso gidaje. A can akwai turakun ƙarfe da ta kafa da hannunta shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Takan ja tef daga wannan turke zuwa wancan, ta bi shi a hankali tana rubuta abin da ke ƙarƙashinsa: mai rai, matacce, gansakuka, yashi. Da hantsi ta dawo, ta kwafe a littafi, ta ci shinkafa da romon kifi, ta wanke gilashi. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba sai yau, don haka duk maganar da ke nan sai da na tambayi waɗanda suka ji ta da kunnensu. Ayyukanta suna da yawa. Ɗaya zan ba da labarinsa, don shi ne ya shafi gidanmu.

Shekara tara ke nan da aka yi zafin da ba a manta ba. Ruwan da ke tsakanin tsibiri da murjani ya zama kamar na wanka. Cikin mako uku murjanin yamma ya yi fari fat, har daga gaɓa ana hango shi. A wajenmu kuwa magana ɗaya ce tun kakanni: murjani in ya yi fari ya mutu, mataccen murjani kuma dutse ne. Da shi aka gina rijiyoyinmu da tsoffin gidajenmu, shi ake ƙonawa a sami farar ƙasa. Doka ta hana fasa shi, amma masu dokar suna wani tsibiri, jirginsu sai bayan mako biyu.

Gidan kakata shi ne na ƙarshe a gaɓar yamma, teku kuma ta daɗe tana cin ƙasar bayansa. Kawu Ceriyakoya, yayan mahaifiyata, shi ke riƙe da al'amuran gidan. Da ya ga farin dutse mai yawa haka kusa, sai ya tara maza goma sha biyu da gudumomi da kwale-kwale uku. Niyyarsa ya gina katanga a bayan kicin kafin iskar damina ta taso, saura kamar mako huɗu. In ta taso, ba mai iya aiki a yamma sai bayan wata uku.

Dakta ta same su suna loda gudumomi. Ba ta ambaci doka ba, kuma Nallakoya ya tabbatar mini har yau ba ta kai ƙarar kowa ba.

"Yaya Ceriyakoya, ina za ku da sassafe?"

"Jana'izar 'ya'yanki za mu. Sun mutu, Allah Ya ba ki haƙuri. Mu dai a bar mana ƙasusuwan."

Mazan suka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Ba su mutu ba. Yunwa suke ji. Zo ka gani."

"Ni da aka haifa a kan dutsen nan? Ke da kika je birnin Koci kika karanto shi a takarda?"

"A kansa aka haife ni ni ma, gida huɗu tsakaninmu. Shigo jirgi."

Ya shiga, don kada a ce ya ji tsoron mace. Ta kai shi inda ruwa bai wuce ƙugu ba, ta kama hannunsa ta ɗora a kan wani tsohon dutse mai gansakuka. Ya ce kaushi gare shi. Ta matsar da hannun kan wani fari tas.

"Wannan fa?"

Kawu ya janye hannu yana murza yatsu. "Yauƙi. Kamar miyar kuɓewa."

"Naman jikinsa ne. Dutse ba ya yauƙi."

Ta yi masa bayani a taƙaice. Murjani dabba ce. A cikin namanta akwai wasu ƙananan tsirrai da ke ciyar da ita, su ne kuma launinta. In ruwa ya yi zafi sai ta kore su, ƙashinta ya bayyana ta cikin nama. In ruwan ya huce da wuri suna iya dawowa. In an fasa ta, shi ke nan, kuma igiyar da take karyawa za ta wuce kai tsaye zuwa gaɓa.

"Nawa za su tashi?" in ji Kawu.

"Ban sani ba. Wataƙila rabi. Wataƙila babu ko ɗaya."

"Katangata fa?"

"Bana ba za ka samu ba."

"Wato in zauna in jira wataƙila."

"Haka nake roƙo."

Nallakoya ya ce da ta yi masa alkawarin ƙarya, da an gama maganar nan take. Ba ta yi ba. Kawu ya tsaya cikin ruwa ya daɗe yana duban yatsunsa, sannan ya ɗaga murya ya ce wa mazan su sauke gudumomi. Wasu suka yi tsaki. Ɗaya ya ce Ceriyakoya ya sayar da gidan uwarsa da majinar dutse.

Damina ta zo da ƙarfi. A mako na uku igiya ta haura ta ɗauke kicin ɗin kakata da bishiyar kwakwa goma sha ɗaya. Ba wanda ya ji rauni. Ina da shekara goma sha ɗaya lokacin, abin da na fi tunawa shi ne tukunyar tagullarmu tana juyi a cikin kumfa. Wata biyu muna girki a gidan maƙwabta. Mutane suka daina amsa sallamar Dakta a hanya, ita kuwa ba ta daina yi ba.

Da teku ta kwanta ta koma turakunta. Manyan kawunan murjani sittin ta yi wa lamba kafin damina. Ta gama dubawa, ta zo gidanmu da rigarta a jiƙe, ta sami Kawu yana gyaran raga.

"Ashirin da uku sun dawo da launi. Talatin da bakwai sun mutu."

"Ko rabi ba a kai ba."

"Ba a kai ba."

"To matattun, yanzu dai nawa ne?"

"A kansu jariran murjani za su zauna. Ka bar su."

Kawu ya ajiye raga. "Ke dai ba ki da kunya, Sarommabi."

"Ba ni da ita, Yaya."

Ya bar su. Ya sa aka kawo bulo ta jirgi, ya sake gina kicin ta gabas.

Ke ce, Dakta, wadda ta zo da lamba marar daɗi ta faɗe ta a tsakar gidan da aka yi wa ɓarna, alhali ba wanda zai nutsa ya duba in kin ƙara goma. Ke ce mai haƙurin turke. Na tambaye ki ko murjanin da aka bari ne ya sa gidanmu ke tsaye har yau, kika ce ba ki da awon da zai tabbatar da haka, kada in rubuta. To, ban rubuta a matsayin maganarki ba. Abin da littafinki ya nuna shi ne, a layin yamma yanzu murjani mai rai ya rufe fiye da sulusin tef.

Mun gode. Ba a turo wanda zai maye gurbinki ba tukuna, littattafanki talatin da ɗaya suna cikin akwatin ƙarfe. Ina roƙon 'yan tsibirin nan da suka yi karatu, mata da maza, wani ya je ya koyi inda turakun suke tun kina iya nunawa. Sauranmu kuma, in fari ya sake zuwa, mu sa hannu mu taɓa kafin mu ɗauko guduma.

Da zan miƙa rubutun nan sai da na karanta wa Kawu, don har yau ba ya son a tayar da zancen. Ya saurara har ƙarshe bai ɗago kai ba.

"Kin sa kicin ɗin?"

"Na sa, Kawu."

"Da kwakwa goma sha ɗaya?"

"Na sa."

"To. Ki ƙara cewa ban yafe mata ba." Ya ja zaren ragarsa ya ƙulle. "Ki kuma ce in ta sake zuwa da irin wannan roƙo, zan sake sauke gudumomin."