Waƙar da Kaka Ta Ba Farfesa Ajiya

Shekaranjiya ina layin mota a Nyanya, 'yata da ke jami'a ta turo mini wata murya a waya. Ina dannawa na ji tarin kakata, irin wanda take yi kafin ta ɗaga waƙa. Motar ta cika ta tafi ta bar ni tsaye.

Bari in gaya maka abin da na ji. A gidanmu da ke bayan Jiwa, idan tsohuwa ta mutu ba a ɗaukarta sai mata sun rera mata waƙar rakiya, wadda ke jero iyayenta da gonakinsu don ta san wurin waɗanda za ta. Ina yarinya, kaka ce kaɗai ta rage da waƙar a ka. Iyayenmu mata wasu sun shiga coci, wasu Islamiyya, babu mai son koya.

Wata shekara ana sussukar dawa, wani malamin tarihi ya zo da rikoda. Ya zauna a kan turmi, ya cinye mana doya da manja, yana ta "Mama, Mama". Kaka ta ƙi, don ba a rera waƙar inda babu gawa. Da ya nace ta ce, "To, zan sa maka cikin akwatin nan. Amma ranar da na mutu, ka kawo shi ya yi mini." Ya dafa ƙirji ya rantse.

Ta rasu da damina. Kawuna ya je har ofishinsa, aka ce oga ya tafi taro ƙasar waje. Aka jira har jira ya gagara. Ina kallon matan gidanmu a bakin kabari, leɓensu na motsi, babu abin da ya fito.

Yau ya zama farfesa, ana ta yabonsa wai ya kawo zamani cikin aji. Kaset ya koma kwamfuta. A ajinsa 'yata take; ta ce yana haska hoton kaka a allo da rubutun "wata tsohuwa", ya tsayar da ita tana tsakiyar baiti ya yi bayaninsa, ya sake kunnawa.

Da na kira 'yata ta ce, "Mama, ba gonarmu ake kira a ciki ba? Oga Prof ya ce za ta fito a exam."

Na tambaye ta su nawa ne a ajin, ta ce kowace shekara zauren cika yake. Duk sun ji waƙar rakiyar kakata. Ita kaɗai ce ba ta ji ba.